Kafin A Ɓoye Ajiyar Jiyokashin, A Nemi Izinin Mai Wuri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin matasanmu masu sha'awar wasan jiyokashin, wato a ɓoye ƙaramin mazubi a wani wuri, a wallafa lambobin GPS (tsarin tauraron ɗan adam mai nuna inda wuri yake) na wurin a intanet, wasu kuma su bi lambobin da wayoyinsu har su gano shi su sa hannu a littafin da ke ciki. Wasan ya samo asali ne a Amurka a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Bill Clinton ta daina gurɓata saƙon GPS da farar hula ke amfani da shi, kuskuren ya sauko daga kusan mita 100 zuwa kusan mita 10. Ranar 3 ga watan wani mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanar da lambobinsa. Yau ajiyoyin da ke shafin Geocaching.com sun haura miliyan 3.

Ɓoyewa ba ta da wuya. Wanda ya ɓoye yana komawa gida abinsa, baƙon da ya zo nema bayan wata biyu shi za a gani yana leƙe-leƙe a gindin katanga da waya a hannu, shi kuma za a titsiye. Saboda haka muke cewa izini shi ne aikin farko, kafin ma a sayi roba.

Dokar shafin ta ɗora wa mai ajiya nauyin samun izinin mai fili ko hukumar da ke kula da shi. Masu tantance ajiya kafin a wallafa ta a shafin 'yan sa-kai ne, suna duba taswira da bayanin da aka ba su, amma ba sa zuwa wurin, kuma amincewarsu ba ta zama izinin mai wuri. A wajenmu babu filin da ba shi da mai shi. Fegin da ka ga ciyawa ta cinye wataƙila na magada ne. Tsamiyar da ke bakin hanya tana iya zama iyakar gonaki biyu. A fara da mai gonar ko mai filin, sannan a sanar da mai unguwa ko dagaci, a kuma nuna wa 'yan sintirin unguwar mazubin da idonsu, a buɗe shi a gabansu. Idan wurin yana da maigadi, shi ya fi kowa bukatar sani, domin shi ke nan dare da rana. A bayyana musu abu uku: me ke cikin mazubin, a ina daidai za a ajiye shi, da cewa mutanen da ba su sani ba za su riƙa zuwa jefi-jefi. Wannan na ukun ne masu neman izini suka fi ɓoyewa don kada a hana su, alhali shi ne ainihin abin da ake neman izini a kansa. In hukuma ce ke riƙe da wurin, a karɓi izinin a rubuce. Gandun daji irin Yankari yana da hukumarsa, wuraren tarihi irin ganuwar Kano da hasumiyar Gobarau a Katsina su ma suna da masu kula da su. Ko an ba da izini, ba a cusa komai cikin tsagar ginin ƙasa, don kowane mai nema zai ƙwaƙule shi kaɗan har ya zube.

Akwai wuraren da ba a ma tambaya. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, shingen bincike, filin jirgin sama, gada, madatsar ruwa, layin dogo, taransifoma, makarantar yara. Mu mun ƙara da kasuwa, tashar mota, masallaci, coci da maƙabarta, da duk inda sai mai nema ya hau abin da zai sa ya hango cikin gidan mutane. A 2011 a garin Wetherby na Ingila an ga wani yana ajiye ƙaramin akwati a kan titin kasuwa, aka rufe tsakiyar gari na sa'o'i, masu kwance bam suka tarwatsa akwatin, ashe ajiyar wasa ce. Can ke nan. A Arewacin Najeriya, inda mutane suka ga tashin bam a kasuwanni da tashoshi da idonsu, jama'a ba lallai su jira hukuma ta iso ba. Ga kuma wata fassarar da Bature ba ya tunaninta: abin da aka naɗe aka tura ƙarƙashin dutse a bayan gidan mutum, da sunayen mutane rubuce a takarda, sammu za a ce. Dokar wasan ta hana binne ajiya ko haƙa rami saboda kare ƙasa. Mu muna da dalili na biyu.

Shi ya sa mazubin ya kamata ya zama roba garai-garai wadda ake ganin cikinta ba sai an buɗe ba. A manna rubutu a jikinta ta waje, da Hausa da Turanci, in da hali har da ajami, cewa kayan wasa ne, ba shi da haɗari, an ajiye shi da izinin wane. Tsohon akwatin harsashi na ƙarfe da 'yan wasan Amurka ke yabo saboda ba ya shan ruwa, a nan kada a kusance shi. Haka guntun bututun famfo mai murfi a kai da gindi, da duk abin da aka naɗe da baƙin salatif ko aka maƙala wa wayar lantarki.

Sai batun inganci. A zaɓi robar abinci mai murfin da ke kamawa ta gefe huɗu, mai zoben roba a bakin murfin, mai cin rabin lita zuwa lita ɗaya. Gwajinta ba wuya: a sa busasshiyar takarda a ciki, a rufe, a danna ta cikin bokitin ruwa da dutse ta kwana. In takardar ta yi laima, ba za ta tsallake ruwan Agusta ba. Gwangwanin madara tsatsa yake yi, robar man shafawa kuma ƙamshinta ba ya fita, tururuwa da ɓeraye su bi shi. Rana ita ce babbar matsala. Robar da aka bari a fili cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan wuce digiri 40, takan bushe ta tsage cikin 'yan watanni, don haka a nemi inuwa. Kada a ajiye ta a ƙasa kai tsaye inda gara ke yawo, ko cikin ciyawar da za a ƙona da rani, ko a hanyar da ruwa ke bi. Kada kuma a sa ta inda sai an zura hannu cikin ramin da ba a ganin ƙarshensa, saboda kunama da maciji. Ba a buga wa bishiya ƙusa.

Littafin sa hannu dole ne, a sa shi cikin leda mai zif, da fensir guda biyu, domin biro bushewa yake yi ko ya yi yoyo. Ba a sa abinci, alewa, turare, magani, ashana, wuƙa ko reza. Yara na cikin masu buɗewa.

Lambobin wuri ma ana sakaci da su. Waya takan kauce da mita 5 zuwa 10, ta fi haka a ƙarƙashin bishiya mai duhu ko jikin dogon gini. A tsaya a kan wurin na minti biyu lambobin su natsu, a rubuta, a yi nisa a dawo a sake, sau huɗu ko biyar, gobe a maimaita, sannan a ɗauki tsaka-tsaki. Kuskuren mita 20 yana nufin mutane za su tattake shukar maƙwabcin da ba a nemi izininsa ba. Dokar shafin ta ce tsakanin ajiya da ajiya a bar aƙalla mita 161, ana kuma son ajiya ta yi aƙalla wata 3 a wurinta. Shafin yana ba da shawarar mutum ya gano ajiya 20 kafin ya ɓoye tasa. Inda ajiyoyi ba su da yawa hakan zai yi wuya, amma aƙalla a karanta dokokin tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya je Jos yawon buɗe ido kada ya bar ajiya a can ya koma Sakkwato, sai in akwai wani a garin da ya yarda zai kula da ita. A leƙa ta kafin damina, a sake leƙawa bayan ta wuce, da kuma duk lokacin da mutum biyu ko uku a jere suka rubuta cewa ba su same ta ba. Wanda ya gaji ya je ya ɗauke robarsa, ya rufe shafinta, ya gaya wa mai wurin.

Mai nema shi ma da nasa. Ya je da rana, ya yi sallama ga wanda ya tarar. In ya ɗauki abu daga ƙananan kayan musaya da ake bari a mazubin, ya bar wanda ya kai shi daraja ko ya fi, ya rufe murfin da kyau, ya mayar daidai inda ya samu. In bai samu ba ya rubuta bai samu ba, kada ya ajiye wata roba tasa don a ce ya gano, domin ta ainihin tana iya kasancewa taku uku daga nan. Idan gona ta yi shuka a jira girbi. Kuma idan 'yan sintiri ko jami'an tsaro suka tare shi, ya faɗi gaskiya nan take, ya nuna musu shafin a wayarsa da sunan wanda ya ba da izini, wanda ya kamata mai ajiya ya rubuta a bayanin tun farko da yardar mai sunan.

Mun gode, Malam Edita.

Wasu masu sha'awar wasan jiyokashin,
Kano.