A mayar wa jama'a sakamakon binciken da aka yi a kansu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu taɓo wani giɓi da ke tsakanin masu bincike da talakawan da ake binciken a kansu.

A watan Nuwambar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa, wanda ya nuna mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna ciki. Sakkwato na da kashi 91, Ondo kashi 27. An shiga gidaje fiye da 56,000, an kuma karkasa sakamakon har zuwa mazaɓun sanata 109. Aiki ne mai kyau. Amma mutanen Gwadabawa ko Illela da aka zauna a zaurensu aka yi musu tambayoyi, me ya koma kunnensu? Adadi ɗaya tak, miliyan 133, shi ma ba bayani.

Nan ɓarnar take. Wancan rahoto bai auna kuɗin aljihu ba. Ya duba abubuwa 15 ne a fannin lafiya, ilimi, yanayin zama, da aiki da tsaro, kamar ruwan sha, bayan gida, makamashin girki da zuwan yara makaranta. Ma'aunin kuɗi daban ne: binciken 2018/2019 ya ce kashi 40.1, kusan mutum miliyan 83, na rayuwa a ƙasa da naira 137,430 a shekara, kuma ba a saka Borno ba. Da aka jera adadin biyu, sai wasu suka ɗauka talakawa miliyan 50 ne suka ƙaru cikin shekara uku. Ba haka ba ne, mudu biyu aka yi awo da su.

Haka aka yi da rashin aikin yi. A ƙarshen 2020 an ce kashi 33.3 ne, sai ga kashi 4.1 na farkon 2023. Tsohon tsari yana ɗaukar wanda bai kai awa 20 yana aiki a mako ba a matsayin marar aiki. Sabon tsari, mai bin ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, yana ƙirga wanda ya yi ko da awa ɗaya ta neman kuɗi a matsayin mai aiki. Bayanin yana cikin takardun hukumar da Turanci, amma mai sauraren rediyo bai ji shi ba, sai ya yanke cewa ƙarya ake shara masa. Kuma da zarar mutum ya daina yarda da alƙaluma, da wuya ya sake buɗe wa ma'aikacin ƙididdiga ƙofa.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Kowane bincike a kan talauci, ilimi, lafiya ko tallafin gwamnati ya fito da taƙaitawa ta shafi biyu da Hausa, rana ɗaya da babban rahoton, domin idan aka bari sai bayan wata guda, gurguwar fahimta ta riga ta zauna. Shafin farko ya faɗi me aka auna, yaushe, a ina, gida nawa, da wuraren da ba a je ba. Na biyu ya kawo sakamako uku ko huɗu, kada su wuce haka, da hukumar da alhakin gyara ke wuyanta. A ce "mutum shida cikin goma" maimakon kashi 63. Idan an sauya ma'auni, a faɗa tun a layin farko cewa ba a kwatanta sabon adadi da tsohon.

Kada a miƙa wa mai fassara aikin taƙaitawar shi kaɗai. Mai binciken da ɗan jarida su zauna tare, ɗaya yana tsare gaskiyar adadi, ɗaya yana tsare kunnen jama'a. Sannan a karanta wa mutum goma da ba su san batun ba, maza da mata, a ce su maimaita abin da suka ji. Jumlar da uku suka kasa maimaitawa daidai, a sake ta. Daga nan a naɗi murya ta minti uku da za ta yi yawo a WhatsApp, tunda fayil mai ɗaruruwan shafuka yana cinye data kuma ba ya karantuwa a ƙaramar waya. A kai wa gidajen rediyo irin su Freedom da Rediyon Tarayya Kaduna, a shirin da ake buga waya, mai binciken na zaune yana amsawa.

Me ya hana a yi? Malamin jami'a da takardun mujallun ilimi yake samun ƙarin girma, awa guda a rediyo ba ta ƙara masa maki ko ɗaya. Muna roƙon hukumar jami'o'i ta NUC da majalisun jami'o'i su saka irin wannan aiki cikin abin da ake ba maki. TETFund kuma, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, ta sharɗanta ware wani kaso, ko da uku cikin ɗari ne, na kuɗin kowane bincike domin isar da shi ga jama'a, kada a saki kashin ƙarshe sai an ga taƙaitawar. Cibiyoyi irin su Gidan Mambayya a Kano da Arewa House a Kaduna suna da zaure da masana, za su iya karɓar baƙuncin zaman bayani duk wata uku.

Ku ma a wannan jarida, muna roƙon ku ware rabin shafi a mako domin irin waɗannan taƙaitawa.

Wassalam,
Wasu malamai masu binciken zamantakewa, Kano