Zuwa ga Baba da Inna, daga Manchesta ta ƙasar Ingila

Baba da Inna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, da Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Auta. Yaya ƙafar Inna? Yaya aka ƙare da kaka, dawa ta yi auki kuwa? Ni lafiya lau nake, sai dai sanyi. A wannan wata na Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ga ni kuma da aikin dare, takwas zuwa takwas, har nakan yi kwanaki ban ga hasken rana sosai ba.

Na zaɓi in rubuta maimakon in buga waya domin maganar ta fi ƙarfin minti biyar, kuma ina so Auta ya karanta muku da bakinsa, don rabin maganar da shi nake.

A gidan tsofaffin da nake aiki akwai wata tsohuwa da ta haura tamanin. Rikicin tsufa ya kama ta, ba ta gane kowa, ba ta iya juyawa da kanta. Ƙa'ida ita ce duk bayan awa biyu a juya ta, in ba haka ba fatar ƙugu da ta diddige ta fara ci har ta zama gyambo. In mun juya ta sai mu rubuta lokaci a takarda, mu sa hannu. Wani dare mu biyu ne kaɗai a benen, wani tsoho ya rikice mana, muka daɗe muna lallashinsa. Ban iso ƙofarta ba sai da uku ta gota. Na leƙa, tana barci, bakinta a ɗan buɗe, hannunta ɗaya a kan bargo. Na ɗauki biro na rubuta cewa an juya ta ƙarfe biyu, na sa hannu, na ja ƙofa. Babu kyamara a ɗakin, ita kuma ba ta da bakin faɗa wa kowa.

Baba, ban kai ƙarshen baranda ba sai tiyarku ta faɗo mini a rai. Kun tuna shekarar da hatsi ya yi tsada, ina 'yar firamare ina bin ku kasuwa, masu awo da yawa suka bubbuga gindin tiyarsu? Na tambaye ku me ya sa ba za mu yi haka ba tunda masu saye ba sa lura. Ba ku ɗago kai ba, kuna ta awo, kuka ce mini mai saye ba ya gani amma Mai hatsin yana gani. Da dare kuka buɗe tsohon Littafi Mai Tsarkin nan naku mai baƙin bango, kuka karanta mana Misalai 11:1 a hasken fitila, inda aka ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Takardar nan ita ce tiyata, na kuma buga mata gindi.

Na kira abokiyar aikina muka koma muka juya ta. Ƙugunta na hagu ya riga ya yi ja. Na ja layi a kan abin da na rubuta, na sa lokacin gaskiya, da safe na faɗa wa nas. An yi mini faɗa, an rubuta a fayil ɗina. Ku sani bizata a ɗaure take da wurin aikin nan, in aka sallame ni kwana 60 ne galibi ake ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya tattara ya bar ƙasar. Wannan tsoron ne ya riƙe mini biro na rubuta ƙarya. Wani tsoron daban ne ya mayar da ni ɗakin, kuma shi nake ta juyawa a zuciya tun ranar.

Tun muna Makarantar Lahadi muka haddace Misalai 9:10, cewa tsoron Ubangiji shi ne mafarin hikima. Na ɗauka ana nufin mutum ya riƙa rawar jiki kamar ɓarawo ya hango ɗan sanda. Abin da na ji a barandar nan ya fi kama da yadda ba zan iya ɗaga ido in dubi Baba in yi ƙarya ba, ko da na san ba duka za a yi mini ba. Nauyi ne, da kunya, da sanin girman wanda nake tsaye a gabansa. Zabura 130:4 ta ce akwai gafara a wurinsa domin a ji tsoronsa. Dā wannan aya takan ɗaure mini kai, ina cewa ai gafara cire tsoro take yi. Yanzu na gane: wanda ya yafe mini da jinin Ɗansa, da wane ido zan cuci tsohuwar da shi ya halitta, a gabansa?

Kuma na ga dalilin da ya sa aka ce mafari. Da na tsaya a ƙofar nan na lissafa manaja, na lissafa biza, na lissafa gajiyata, na bar Allah a waje. Lissafin da aka fara da kuskure kuwa, komai iya ƙidayar mai shi, ba ya fita daidai. Ungozomomin nan biyu na Fitowa sura 1, Shifra da Fuwa, Fir'auna da kansa ya umarce su su kashe jarirai maza na Ibraniyawa, suka ƙi domin suna tsoron Allah. Su ma aikinsu a ɗaki ne, a kan waɗanda ba su da baki. Yusufu ma baƙo ne a ƙasar wasu kamar ni, ba uba ba dangi, ga matar maigidansa tana neman sa da lalata, amma abin da ya fito daga bakinsa a Farawa 39:9 shi ne yaya zai yi wannan mugunta ya yi wa Allah zunubi.

To Auta, ga taka. Yaya ya gaya mini wani dillali ya ce zai samo maka takardar aikin kula da tsofaffi a nan, har da shaidar ƙwarewar da ba ka taɓa yi ba, kana kuma matsa wa Baba a sayar da gonar fadama. Tun ranar 22 ga Yuli, 2025 gwamnatin nan ta rufe ɗauko sababbin masu wannan aiki daga ƙasashen waje. Ka tambaye shi ta wace ƙofa zai shigo da kai. Ko da a buɗe take ma, takardar ƙarya za ka riƙe ka ɗaga tsoho daga gado ba ka san yadda ake yi ba? Na san zaman gida da digiri a hannu yana da ciwo, na yi shekara uku ina yinsa. Abokanka za su ce wayo ne, kowa haka yake yi. Ina roƙonka, ƙanena, ka je ka zauna da Fasto da Kawu kafin ka sake ɗaga wayar mutumin nan. In kana son koyon aikin jinya na gaskiya, kuɗin makaranta a wuyana.

Baba, don Allah kada a taɓa fadamar nan.

Na aika kuɗi ta hannun Yaya. A saya wa Inna magani da zanen Zumuntar Mata na bana, a fitar da baikon godiya, saura a yi cefanen Kirsimeti. In an sami mai zuwa, ina marmarin daddawa da kuka da yajin Gwaggo. Ku sa tsohuwar nan cikin addu'ar safe. Jan ƙugun ya baje, fatar ba ta fashe ba, jiya ma da nake gyara mata matashi ta riƙe mini yatsa ta daɗe ba ta saki ba.

A gaishe mini da Fasto da Mama Fasto da dukan 'yan'uwa a ikilisiya.

Ni ce 'yarku.