A riƙa tunawa da makaɗan da ke tsaye a baya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan shafin nishaɗi. Kullum mawaƙin da ke riƙe da makirufo ake yi wa hoto, a yi hira da shi, amma makaɗin da ke bayansa da malamin da ya koyar da shi ba a ko ambaton sunansu. Ni malamin makaranta ne mai son kiɗan jaz, kuma wannan abu yana damuna ƙwarai. Bari in kawo misalin makaɗin jaz Ron Carter na Amurka.

An haife shi a 1937 a garin Ferndale na jihar Michigan. Yana ɗan shekara 10 ya fara koyon celo, wani babban goge na Turawa, daga baya a makarantar sakandaren Cass Tech ta Detroit ya koma dabul bes, wato ƙaton gogen nan mai tsirkiya huɗu da ake kafawa a ƙasa a kaɗa shi a tsaye. Burinsa ya shiga manyan ƙungiyoyin kiɗan gargajiyar Turai, kuma ya yi karatun abin sosai: digiri na farko a makarantar Eastman a 1959, na biyu a Manhattan School of Music a 1961. Sai dai launin fatarsa ya tare masa hanya. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda shahararren jagoran makaɗa Leopold Stokowski ya yaba hannunsa, amma ya ce masa shugabannin ƙungiyar makaɗansa ta birnin Houston ba su shirya ɗaukar baƙar fata ba.

Da aka rufe masa wannan ƙofa sai ya rungumi jaz. Daga 1963 zuwa 1968 yana cikin ƙungiyar shahararren mai busa ƙaho Miles Davis tare da Herbie Hancock da Wayne Shorter da Tony Williams. Wanda bai saba ba zai ɗauka mai bes raka sauran kawai yake yi. Ba haka ba ne. Shi ke riƙe da taki, kuma a kowane bugu shi ke zaɓar sautin da sauran za su ɗora nasu a kai. In ya sauya sauti guda, mai busa ƙaho dole ya sauya hanya nan take, domin a jaz ana ƙirƙirar kiɗan ne a lokacin da ake yin sa. Mai bes kamar harsashin gini yake, ba a ganin sa, amma a kansa ɗakin ya tsaya. A 2015 kundin Guinness ya tabbatar ya kaɗa a faifai 2,221, fiye da kowane mai bes a jaz. Har 'yan hip-hop na A Tribe Called Quest sun gayyace shi a 1991.

Amma abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne aji. Mutumin da duniya ke rububin ɗauka ya yi kusan shekara 20 yana koyarwa a City College ta New York, sannan a 2008 ya koma koyarwa a makarantar kiɗa ta Juilliard. Ya kuma rubuta littattafan koyon bes. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗalibai ya san wahalar maimaita abu ɗaya ga yaron da yatsunsa ba su faɗa ba tukuna, ga shi babu tafi, babu fitilu. Carter bai bar abin da ya sani ya tsaya a yatsunsa shi kaɗai ba, ya miƙa wa matasa, ciki har da baƙaƙen fata irinsa, shi da aka hana kujera saboda launin fatarsa.

Don haka ina roƙonka, ranka ya daɗe, ko sau ɗaya a wata a ware shafi don irin waɗannan makaɗa da malaman kiɗa, a tambaye su wa ya koya musu da kuma wa suke koya wa.

Naka,
Wani malamin makaranta