Koyar da saƙar duwatsun ado ba aikin kwana uku ba ne

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wata sana'a da ba a rasa ambatonta duk sanda ake lissafa sana'o'in hannu, amma ba a cika tsayawa a dube ta da kyau ba, wato haɗa kayan kwalliya da duwatsun ado: sarƙar wuya, ɗan kunne, abin hannu, zobe da makamantansu. Da wannan sana'a nake rufa wa kaina asiri, kuma na daɗe ina koyar da ita. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne horon nan na kwana biyu ko uku da ake yawan shiryawa, inda za a tara mata da 'yan mata cikin zaure guda, a raba musu duwatsu da zare, a ɗauki hoto, a miƙa wa kowacce takardar shaida, a sallame su a ce sun iya. Ban zargi niyyar masu shiryawa ba, Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai waɗanda suka fito daga irin wannan horo wurina da yawansu ke ƙarewa, da takarda a jaka da sarƙar da ta tsinke a hannu, suna tambayar me ya faru.

Abin da ya faru shi ne an koya musu zura duwatsu a zare, aka ce musu saƙa ce. A wurin zurawa zare ɗaya ne ke ratsa duwatsun sau ɗaya, shi ya sa ranar da ya tsinke sai dai a bi ƙasa ana tsinta. A saƙa kuwa allura tana komawa cikin dutse ɗaya sau biyu, sau uku, wani lokaci fiye, kowane dutse na riƙe da na kusa da shi, har aikin ya zama ƙyalle mai lanƙwasa a hannu. Ko zare ya yanke a wuri guda, 'yan duwatsu kaɗan ne za su zube, a gyara.

Ba raina zurawa nake yi ba. A birnin Benis na Italiya, inda aka mayar da masu hura gilashi tsibirin Murano tun shekarar 1291, akwai matan da sana'arsu ke nan kacokan: su zauna da akwatin katako a cinya, su riƙe dogayen allurai da yawa a hannu ɗaya suna cusa su cikin tarin ƙananan duwatsu. Da hukumar UNESCO ta sanya fasahar duwatsun gilashi ta Italiya da Faransa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2020, har da aikin waɗannan mata. Zurawa ma tana da gwanayenta. Amma a faɗa wa ɗaliba gaskiyar abin da aka koya mata.

Bari in ɗan bayyana yadda saƙar take, domin mai karatu ya ga inda wahalar take. A saƙar feyoti, wadda 'yan asalin Amurka suka shahara da ita, za ki ɗauki dutse ɗaya a allura, ki tsallake ɗaya, ki shiga na gaba. Layin sai ya fito wani sama wani ƙasa, layi na biye ya zo ya cike guraben. A saƙar Ndebele, da ake dangantawa da matan ƙabilar Ndebele ta Afirka ta Kudu, bibbiyu ake ɗauka, su kwanta a karkace suna fuskantar juna. Akwai saƙar bulo, inda allura ke bi ta ƙarƙashin zaren da ya haɗa duwatsu biyu na layin baya. Akwai kuma saƙa a kan ƙaramar masaƙa, wadda ake ɗaura mata zaren tsaye da ya fi adadin duwatsun layi da ɗaya. A tura duwatsun daga ƙasa tsakanin zaruruwan, sannan allura ta dawo ta cikinsu ta sama. Idan allurar ta kuskure ta bi ƙarƙashin zare ɗaya, ba za a gane ba sai an sauke aikin an ga dutse ya zurma.

Duk wannan bayani zan iya yin sa cikin awa guda, ɗaliba mai kaifin ƙwaƙwalwa ta haddace. Abin da ba ya haddatuwa shi ne jan zare. Ki ja da ƙarfi, aikin ya sandare, ya ƙi bin wuyan hannu, dutse ya fashe a tsakiya. Ki sassauta, zare ya leƙo tsakanin duwatsu, aikin ya yi lakwas. Kuma dole jan da kika yi a layin farko ya zama shi ne a layin ƙarshe, ko kin gaji, ko ranki a ɓace yake. Ina iya duban abin hannu in nuna wa mai shi inda ta ajiye aikin ta tashi da inda ta dawo ta ci gaba, domin faɗin ya canza. Wannan sai hannu ya saba, kuma hannu ba ya sabawa a kwana uku. Bidiyon waya ma, duk da amfaninsa, ba zai karɓi aikinki ya matsa da yatsa ya ce miki nan ya yi tauri ba.

Sai zaɓen duwatsu, wanda ban taɓa jin an tsaya a kansa a gajeren horo ba. Ƙananan duwatsun saƙa lamba gare su, kuma lambar a juye take: iya girman lamba iya ƙanƙantar dutse. Mai lamba 6 ya kai kimanin milimita 4, mai lamba 8 milimita 3, mai lamba 11 milimita 2, mai lamba 15 kuwa da ƙyar ya kai ɗaya da rabi. Waɗanda suka fi daidaito a duniya daga Japan suke fitowa, daga kamfanonin Miyuki da Toho na yankin Hiroshima. Miyuki ne ya fito da samfurin Delica a 1982, mai siffar guntun bututu da faffaɗan rami, wanda ke jeruwa ba rata. Na ƙasar Cek, daga yankin Jablonec, sun fi zagaye, suna kuma da kyau a saƙar raga da ta Ndebele. Ba cewa nake kowa sai ta sayi waɗannan ba. Akasarin masu koyo da marasa tambari za su fara, masu arha, waɗanda a ƙulli ɗaya za ki sami siriri da kakkaura da mai toshasshen rami. To a koya musu tsincewa. A zuba a faranti mai shimfiɗe da ƙyalle, a ware gurɓatattu tun kafin allura ta taɓa su. Dutse ɗaya kakkaura ya isa ya karkatar da layi goma.

Launi ma haka. Wani launin a cikin gilashin yake, ba abin da zai same shi. Wani kuwa shafe ne a bayan dutsen, musamman masu ruwan zinare da azurfa da wasu masu ruwan hoda da shunayya, gumi da turare kan cinye shi cikin ɗan lokaci. Gwajin ba wuya: a goga kaɗan da jiƙaƙƙen farin ƙyalle, a jiƙa wasu a ruwan sabulu, a bar wasu a rana. Mai saye ba ta san wannan ba, amma ranar da wuyan rigarta ya rine ba za ta sake dawowa ba, kuma sai ta faɗa wa ƙawayenta.

Zare shi ne ran aikin, shi ne kuma yake fara mutuwa. A 1927 masu haƙar kayan tarihi sun tono wata riga ta saƙar raga a wani kabari a Giza ta ƙasar Masar, mai shekara kusan 4,500. Zaren ya ruɓe tuntuni, duwatsun kuwa suna nan, har aka sake haɗa kimanin 7,000 daga cikinsu, rigar tana wani gidan tarihi a birnin Boston na Amurka yanzu. To idan haka ne, me ya sa darasin zare ne ake tsallakewa? Igiyar fatsa mai kama da gilashi da ake raba wa masu koyo tana da tauri, ƙullinta na zamewa, kuma tana bushewa ta karye in ta tsufa. Zaren nailan yana da laushi, amma sai an miƙe shi da hannu an shafa masa kakin zuma kafin a fara, in ba haka ba zai saki daga baya. Akwai zare mai kitso irin FireLine, wanda asalinsa na masunta ne, shi ya fi jure duwatsu masu kaifin baki. Kada tsawon zare ya wuce gaba guda, wato iya buɗewar hannuwa biyu, don dogon zare sarƙewa yake yi, ya kuma gaji da gogar duwatsu tun aiki bai yi nisa ba.

Ƙarshen zare kuwa, nan ake gane wadda ta zauna gaban malama. Mai gaggawa za ta yi ƙulli ɗaya babba, ta ɗiga masa gam ko ta ƙona bakin da ashana. Yadda ya dace shi ne a mayar da allura cikin aikin, a bi duwatsu ana sauya hanya, hagu, dama, a yi ƙananan ƙulli a ɓoye tsakaninsu, sannan a yanke. Maɗauri kuma da zarensa daban ake ɗinka shi, domin nan ne ake ja kullum, nan zai fara lalacewa, kuma in da zarensa daban ne sai a canza shi ba tare da an taɓa saƙar ba.

Akwai batun lafiya da nake so masu koyarwa su riƙa faɗa. Ƙarfen ƙugiyar ɗan kunne mai arha sau da yawa yana da sinadarin nikel, wanda ke sa wa mutane da dama ƙaiƙayi da kumburi. Tarayyar Turai ta kafa doka tun 1994 da ta iyakance shi a kayan da ke taɓa fata. Mai sana'a ta san irin ƙarfen da take sa wa mutane a kunne. Haka kuma ƙananan duwatsu ba abin bari kusa da yaron da bai kai shekara 3 ba ne, balle a saƙa masa abin wuya.

Ni dai yadda nake tafiyar da ajina, ba na ɗaukar waɗanda suka fi ƙarfin idona, domin dole in ga hannun kowacce. Da manyan duwatsu muke farawa, masu lamba 6 ko 8, launi biyu masu hannun riga da juna, don ɗaliba ta ga inda allura za ta shiga. Layuka uku na farkon feyoti su ne masu sa kuka, murɗewa suke yi, don haka nakan fara musu da kaina su ɗora, sai hannu ya faɗa sannan mu koma kan farawa. Bahaguwa nakan zaunar da ita a gabana muna fuskantar juna ta kwaikwaye ni. Ina kuma sa su warware aiki. Wannan ne ba sa so, wata har ta yi fushi ta ɗauke ƙafa kwana biyu, amma wadda ba ta iya warwara ba tare da ta huda zare da allura ba, ba za ta iya gyaran kayan mutane ba. Manyan mata sun fi 'yan mata haƙurin wannan, sai dai ido ke ba su matsala, kuma da yawa kunyar sa tabarau suke ji. Nakan ce musu su dubi nawa. A zauna inda haske yake, a riƙa ɗaga kai ana duban nesa, a miƙe a motsa wuya.

Daga nan sai karanta zane a takarda, da zana nata. Wadda ba ta iya wannan ba kullum kwafar na wasu za ta yi ta yi, kasuwa ta cika da abu iri ɗaya. Sai lissafi. Abin hannu mai tsawon santimita 18 da faɗin santimita 2, in da Delica mai lamba 11 aka saƙa shi, yana cin duwatsu wajen 1,800, kuma ɗaya bayan ɗaya ake ɗaukarsu. Mai koyo takan lissafa kuɗin duwatsu da zare ta manta da sa'o'in da ta zauna, ta sayar da araha, bayan 'yan watanni ta ce sana'ar ba riba. Shi ya sa nake sa kowacce ta rubuta lokacin da ta fara da lokacin da ta ajiye. Kuma ba na yarda ɗaliba ta sayar da aikinta na farko. Ita za ta sa shi a jikinta, ta yi aiki da shi, ta yi wanka, ta kwana, bayan makonni ta kawo mu duba inda ya saki.

Roƙona ga masu shirya horo shi ne su rage yawan mutane su ƙara tsawon lokaci. Kuɗin da za a kashe wa mutum ɗari a kwana uku, a kashe wa ashirin a wata uku, ana haɗuwa sau biyu a mako, da aikin gida a tsakani. A nemo mai koyarwa a ce ta nuna aikin hannunta, a juya bayansa a duba. Kayan da za a raba kuma su haɗa da allura mai lamba 10 da 12, da zaren kirki, da kaki, da ƙaramin almakashi, ba duwatsu masu ƙyalli kaɗai ba. Takardar shaida a ba wadda ta kammala abu da hannunta tun daga layin farko har maɗauri, aka ja shi bai saki ba.

Kai kuma Malam Edita, wakilanka suna zuwa ranar rufe irin waɗannan tarurruka, muna ganin hotuna. Don Allah a tura su bayan wata shida su nemi waɗanda aka horar, su tambaye su ko allurar tana hannunsu har yanzu, su kuma ce a nuna musu abin da aka saƙa a makon nan.

Na gode da ba ni wannan fili. Wassalam.

Taku,
Mai saƙa da koyar da saƙar duwatsun ado