Wasiƙa zuwa ga ƙawata kan lalurar 'yarmu

Kaduna

Assalamu alaikum ƙawata,

Ya gida, ya maigidan da yara? Na ga saƙonki cewa ƙullutun da aka cire wa 'yar tamu a mama ya dawo, ga maman kuma sai girma yake. Ki kwantar da hankalinki. Yawancin ƙullutun da ke fito wa mata masu shekara 15 zuwa 35 faiburo'adinoma ne, ba sankara ba. Santsi gare shi, in kin taɓa sai ya zille a ƙarƙashin yatsa, kuma ba ya cika ciwo.

Kafin komai, ki nemo takardar gwajin naman da aka cire wancan karon. In ta ce faiburo'adinoma, to mai yiwuwa sabo ne ya tsiro, don wasu sukan yi fiye da ɗaya. In kuwa filodes ne, wato wani ƙullutu mai kama da shi amma mai saurin girma, shi kan dawo idan ba a haɗa da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi an cire ba, kamar santimita 1. Likita zai duba, a yi sikanin, don maman budurwa ya cika tauri, mamogiram, wato hoton eksire na mama, ba ya nuna ƙullutun sosai, sannan a tsakuro ɗan nama da allura a gwada. In faiburo'adinoma ne, wanda bai kai santimita 3 ba akan bar shi, a riƙa sikanin duk wata 6. Wanda ya wuce haka, ko yake saurin girma, a cire, kuma lallai a kai naman gwaji.

Don Allah kada wata ta ja ku wajen wanzami a yi sakiya, ba ruwa ne a ciki ba, gyambo kawai za a jawo mata.

Girman maman kuwa, a fara da gwajin ciki. In ba juna biyu ba ne kuma girman ya wuce kima, tiyatar rage mama ita ce magani, amma akan jira girman ya tsaya na wata 6 zuwa shekara, in an yi gaggawa sai ya sake tasowa. Ciki ma kan tayar da shi, shayarwa kuma na iya yin wuya bayan aikin, ku tambayi likita tun yanzu. Akan ba wasu wani magani mai suna tamoksifen don tsayar da girman, amma ba na saye a kemis ba ne. Kafin nan ta sa rigar mama mai faɗin hannu don kada ta yanke mata kafaɗa, ta kuma riƙa tsane ƙarƙashin maman bayan wanka, zufa na kawo ƙuraje.

In kun shirya ku sauka wajena, mu je asibitin Barau Dikko ko na Shika a Zariya. Ku taho da duk takardunta.

Ki gaishe min da Hajiya.

Taki,
ƙawarki