Zuwa ga Baba, daga Aachen, ƙasar Jamus

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, da Inna da sauran mutanen gida. Ni ma lafiya lau, sai dai sanyi.

Na ji saƙon muryarku, kuna tambaya wai wace irin ƙira ce ba gawayi ba zuga-zugi. Garin ƙarfe ake shimfiɗawa, bai kai kaurin gashin kai ba, hasken leza ya bi ya narkar da inda ake so, a sake shimfiɗa wani a kai, har abu ya tashi. A nan garin aka fara dabarar, a cibiyar bincike ta Fraunhofer, a 1995. Ni nawa aikin, in sa abin da aka ƙera a tanderu, in ɗora shi a injin da ke juya shi wata 'yar ƙwallo tana gogarsa, sannan mu auna zurfin da ta ci.

Ƙarfen da muka fi taɓawa, 316L, irin wanda ba ya tsatsa ne, kuma ba ya jin maganarku ta maƙera. Ko an gasa shi ya yi ja an tsoma a ruwa, ba ya ƙara tauri. Taurinsa daga saurin hucewa ne bayan leza ta wuce, abin da ke bar masa wasu 'yan ɗakuna a cikin jikinsa, ido ba ya ganinsu. Amma saurin nan yana ɗaure shi, har yakan lanƙwashe in an yanko shi daga farantin da aka ƙera shi a kai. A zafin digiri 650 ɗaurin yakan sassauta, taurin yana nan. In aka kai 1,100 kuwa, 'yan ɗakunan sun ɓace, ƙarfe ya yi laushi, ƙwallo ta samu abin ci. Ni dai, in abin da aka ƙera zai sha guga, ba na son a kai shi can.

Ɗan'uwansa, wani ƙarfen da ake kira 17-4PH, shi ne naku, don shi wuta na ƙara masa tauri. A kai shi zafin digiri 1,040, ya huce, a mayar da shi 480 na awa ɗaya, sai jan ƙarfen da ke cikinsa ya fito ƙanana-ƙanana ya ƙulle shi. Da ƙyar ƙwallo ke yi masa layi.

A gaida Inna, a ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Ɗanku.