Kafin a gina mana sabon fili, a cika na Langa-Langa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarku in tofa albarkacin bakina a kan maganar da ta cika fadodin matasa a garin nan, wai Damagaram ba za ta motsa ba sai an gina mata katafaren filin ƙwallo irin na Yamai, a riƙa kawo mata manyan gasanni. Ni baduku ne, a Zango nake ɗinkin takalma da jakunkuna, kuma kokowa ce abin kallona tun ina yaro. Ba na ƙin a yi mana gini. Sai dai mu da ke zaune bakin kasuwa mun san wasan da ke kawo ciniki da wanda ba ya kawowa, lissafinmu kuwa ya sha bamban da na masu wannan kira.

Bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, mai zagaya jahohi a nan aka fara shi a 2006, zamanin Tanja Mamadu, ya sake dawo mana a 2018 da sunan Zinder Sabuwa, bayan Doso da Maraɗi da Agadas da Tawa sun yi nasu. An shimfiɗa kwalta, an kafa fitilu, gari ya yi kyau, wanda ya ce ba a yi aiki ba bai faɗi gaskiya ba. Ni kaina a makon bikin sai da na kira yaran maƙwabta su taya ni yankan fata. Amma da baƙi suka hau motocinsu, kasuwa ta koma yadda take. Kuɗi masu kauri suna wajen kwangila, ƴan kwangilar kuwa yawancin waɗanda na gani ba ƴan garin nan ba ne, da kayan aikinsu suka zo, da ribarsu suka koma.

Gasar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, ta fi wannan taɓa talaka nesa ba kusa ba. Tun da aka soma ta a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, ba a yi wani wasa a Nijar da ke tara jama'a kamarta ba. Jaha takwas, kowace ta kawo ƴan kokowa goma, tamanin ke nan, ga makaɗa da mawaƙa da masu barkwanci da malaman kowane ɗan wasa, ga magoya baya cike da motoci, a kwashe wajen kwana goma ana yi. Duk wanda ya zagaya bayan filin Langa-Langa, filin kokowar garin nan, a irin wannan lokaci ya ga inda kuɗi ke shiga: mai kilishi ya ƙarar da tirensa kafin la'asar, mai alkaki ta aika gida a ƙaro, raken Matamai a jingine dami-dami, ɗan kabu-kabu ba ya kashe mashin. Mu dukawa ma namu na musamman ne. Ɗan kokowa zai aiko yaronsa da tsakar dare da takarda a naɗe, daga hannun malami ta fito, a ce a ɗinke ta cikin jar fata kafin asuba, kambu ko guru, kada a buɗe, kada a ajiye ta a ƙasa. Ba a tayawa a wannan ɗinki, abin da ka faɗa shi za a ba ka.

To amma gasar zagayawa take yi. In ta bar mu, sai ta gama da sauran jahohi bakwai kafin ta waiwayo. Mai kilishi ba zai jira shekara takwas ba. A tsakanin nan, in ban da lokacin zaɓen ƴan kokowar jaha da ɗan abin da ba a rasa ba, filin shiru yake. Wurin tara mutane muna da shi. Dalilin tara su a kai a kai ne ba mu da shi, kuma sabon gini ba zai ba mu wannan ba.

Masu son babban filin ƙwallo su dubi na Yamai. Filin Janar Seyni Kunce, wanda Sinawa suka gina aka buɗe a 1989, yana ɗaukar mutum 35,000. Ya ga wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005, ya ga gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015, da ta ƴan ƙasa da 20 a 2019, wadda aka raba da Maraɗi. Duk da haka aka wayi gari hukumar ƙwallon Afirka ta ce bai cika sharuɗɗanta ba, Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasa, ta koma karɓar baƙinta a Maroko, a kira shi wasan gida alhali ba ɗan Nijar ɗaya da ya sayar da ruwan sanyi a bakin ƙofa. In babban birni, inda gwamnati take da kogi a gefenta, ya sha wuya wajen riƙe fili ɗaya, mu fa? Na san har yanzu akwai masu jin haushin Maraɗi ta samu wasannin 2019 mu ba mu samu ba. Ni ma na ji a lokacin. Amma gasar mako biyu ce, ta zo ta wuce.

Ga kuma abin da ba a son faɗa: filin ƙwallo na zamani ciyawa yake so, ciyawa kuma ruwa take sha kullum. Damagaram a kan dutse take zaune. Ruwanmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo-Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma duk ɗan garin nan ya san yadda bazara take: famfo ya yi shiru da rana, mata su kwana suna sauraron ƙararsa, jarkoki a jere tun daga bakin pampo har kwanar layi, ɗan garuwa ya zama abin nema da waya. Da wane ido za a kunna mesa a kan ciyawa a watan Afrilu, unguwar da ke bayan katangar tana sayen jarka? Gina irin wannan fili a nan kamar talaka ne ya sayi doki, kuɗin saye ba su ne wahala ba, harawar kullum ce. Kokowa kuwa rairayi take so da buhuna, rairayi kuma Allah ya hore mana.

Abin da nake ganin zai amfane mu shi ne Damagaram ta yi gasarta ta kanta, duk shekara, a rana tsayayya bayan kaka. Can ma asalin kokowa yake, lokacin da aka cika rumbu, manomi ya sayar da wake da riɗi, aljihu da nauyi. A fara da karawa tsakanin gundumomi duk ƙarshen mako, Mirya da Magarya, Gure da Tanut, Matamai da Dungas, a ƙare da babban mako a Langa-Langa. A haɗa da dambe da langa da sukuwa, a roƙi fada ta fito da dawakai. Garin da ke da hawan ƙaho da tsohuwar Birni da fadar sarki, wanda ya riƙe hedikwatar ƙasar nan har 1926, ba ya rasa abin nuna wa baƙo da safe kafin a shiga fili da yamma.

Ƴan kallonmu kuma ba daga Yamai za su zo ba, tafiyar kusan kilomita 900. Kano na nan kilomita 240 kacal. Daura da Katsina da garuruwan Jigawa harshenmu ɗaya, kiɗanmu ɗaya, suna bin kokowar Nijar a waya kamar tasu. Ɗan damben Kano in ya ji kyauta mai tsoka zai zo, magoya bayansa su biyo shi, su kwana, su ci, su koma da kilishi da takalma. Na san maganar iyaka ba a hannunmu take ba, mun ga abin da rufe ta a 2023 ya yi wa kasuwar Dole. Amma wannan matsala duk wata gasa da za a kawo sai ta same ta, har da wadda ake mafarkin yi a sabon fili.

Rana tsayayya ita ce kan magana. In na san watan da za a yi, tun damina zan sayi fata a wurin majema, mai masauki ya gyara ɗakunansa, mai mota ya shirya. Gasar da ake sanarwa saura mako biyu, mai babban jari kaɗai ke cin moriyarta.

Kuɗin shiryawa ba su kai ko kusa da na gini ba. Matatar mai ta SORAZ tun 2011 take aiki a jahar nan, ganga 20,000 a rana aka gina ta ta tace. Ga kamfanonin waya, ga manyan ƴan kasuwarmu masu ba ɗan kokowa mota in ya kayar. A je musu da tsari a rubuce. Sai dai sharaɗi: kuɗin ƙofa a riƙa faɗar su a rediyo bayan kowane wasa, a ware kaso sananne na gyaran fili, na ruwan sha da makewayi da inuwa, da wurin zaman mata, domin mata da yawa na son kallo cunkoson ƙofa ne ke korar su. Rumfunan bakin fili kuma a raba su da ƙuri'a tsakanin masu sana'ar gari, kada a bar su ga wanda ya san wani.

In kuma dole sai an yi gini, to a yi ƙanana a unguwanni. Lambobin Olamfik biyu da Nijar ta taɓa samu, ta tagulla ta Isaka Dabore a dambe a 1972 da ta azurfa ta Abdul Razak Alfaga a taikwando a 2016, duk a wasan ƙarfin jiki aka samo su, ba wanda ya buƙaci ciyawa. Je ka Kara-Kara da hantsi ka ga samari suna ɗaga ƙarfen mota da aka zuba wa siminti a kai biyu, ba mai horo, ba katifa, ba wanda ya taɓa auna nauyinsu. Ɗaki mai rufi da katifu da malami mai albashi zai fitar da ƴan kokowar da za su cika mana fili, kuɗinsa kuwa bai kai na fitilun babban filin ƙwallo ba.

Ina kira ga hukumomin birni da na jaha da ƙungiyar ƴan kokowa su zauna da fada da wakilan ƴan kasuwa, su tsayar da wata da rana, su sanar kafin daminar bana ta ɗauke.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani baduku daga unguwar Zango, Damagaram